Cokalin Farko Na Baba Ne

A gidanmu akwai wata kwalba mai ruwan ƙasa da ta kusa zama sa'ata. Ba wai guda ɗaya ce tun fil azal ba, in ta ƙare a sayo wata, amma mazauninta bai taɓa canzawa ba: saman kabad ɗin kwanuka, bayan gwangwanin ganyen shayi, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Maganin ƙarin jini ne, in ji takardar da ke manne a jikinta, wadda aka zana wa wani ƙato yana ɗaga buhu da hannu ɗaya. Takardar ta yi alkawarin ƙarfin jiki, da cin abinci, da kaifin ƙwaƙwalwa. Tayar da matacce ne kawai ba ta ambata ba, shi ma ina jin wuri ne ya ƙare mata.

Na Inna ne. An fara saya mata shi bayan haihuwata, lokacin da ta daɗe a kwance, ba ci, ba magana. Amma cokalin farko kullum na Baba ne. Kowace safiya, kafin ya rataya jakar kayan kafintarsa, sai ya sauko da kwalbar, ya girgiza ta, ya tsiyaya, ya ce shi ba zai ba matarsa abin da bai ɗanɗana ba. Yana kaiwa baki sai ya runtse ido ɗaya, ya karkace leɓe, ya buga ƙafa a ƙasa, ya yi ta kaɗa kai. Inna ta yi dariya har ta dafe ciki, ta ce masa rago, sannan ta buɗe baki ya ba ta nata. Ita ko gezau. Mu kuwa, ni da Yaya, Baba ya ce mana abin ya fi maɗaci ɗaci, yaron da ya lasa sai harshensa ya naɗe. Mun yarda. Muka girma muna ganin Inna jaruma ce, ba mu kuma taɓa kusantar kwalbar ba.

Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, Inna ta ci gaba da sha ita kaɗai, a tsaye, ba dariya. Duk da haka cokalin nan shi ke fito da ita daga ɗaki. In ta sha ta wanke shi, sai ta ɗora shayi, ta yanka burodi, ta leƙo ɗakin gaba inda nake ɗinki ta soma yi mini gyara a kan aikin da ba ta taɓa yi ba. Da haka ranarmu ke farawa, kuma ina son ta a haka.

Yaya ya yi karatu ya samu aiki a ofishin gwamnati mai sa ido a kan abinci da magunguna. Tun daga nan dangi suka laƙaba masa Hukuma, sunan kuma ya zauna masa daram, don mutum ne da ko ruwan gora aka miƙa masa sai ya juya gorar ya duba kwanan wata. To, ofishinsu ne ya fito da sabuwar doka: duk wani maganin ƙarin jini ko ƙarin kuzari sai an auna shi, an rubuta abin da ke cikinsa, an ba shi lamba, in ba haka ba a kwashe shi daga kanti.

Gari ya ɗauka. A rediyo gardama, a tashar mota gardama. Dogo mai kemis ɗin bakin layinmu, wanda a wurinsa Baba ke sayen kwalbar tun Dogon yana da baƙin gashi, ya ce wannan ba abinci ba ne ba kuma magani ba, ina ruwan gwamnati da abin da baligi ya ga dama ya zuba a cikinsa? Ya ce manyan kamfanoni ne za su iya ɗawainiyar awo, ƙananan su mutu, talaka ya koma sayen abu ɗaya da tsada. Yaya ya ce shi ya ga mutanen da suka bar asibiti suka rungumi kwalba har ƙodarsu ta lalace, kuma wanda bai san abin da yake sha ba, ba zaɓi ya yi ba, caca ya yi. Na saurari kowa, na ga kowa da gaskiyarsa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na fi son rigimar da zan san wanda zan zaga.

Kamfanin kwalbar Inna bai tsallake ba. Wata rana Dogo ya kira ni da hannu, ya zaro guda ɗaya daga ƙarƙashin kanta a naɗe cikin jarida, ya ce ita ce ta ƙarshe, kada Hukuma ya ji.

Inna ta fara tattali. Cikakken cokali ya koma rabi, rabi ya koma ɗigo. Da kwalbar ta yi ƙasa sosai sai ta daina saukowa da ita, wai tana ajiye sauran. Daga nan fitowar safe ta soma ja da baya. Ni ke ɗora shayin, ya huce a kofi, burodin ya bushe. Rana ta take tana kwance tana kallon silin, babu mai leƙowa ya ce mini na karkace wuyan riga. Tsoro ya kama ni, don na sha jin labarin irin wannan kwanciyar tata, ni ce ma sanadin ta farko.

Yaya ya kawo mata ƙwayoyi masu lamba a cikin farar roba. Ta yi godiya, ta sa masa albarka, ta jefa su a durowa tare da tsofaffin maɓallai. Da na raka shi ƙofa na sauke masa kwandon masifar da na daɗe ina ɗauke da shi. Na ce dokarsu ta kare mutanen gari ta kwantar da uwarsa, sai ya je ya karɓi lambar yabo. Ya jingina da bango yana kallon takalminsa.

"Ni na karanta sakamakon awon," ya ce. "Ruwa ne da sukari da launi. Babu abin ƙarin jini a ciki ko kaɗan."

Na ce to sai me, ai bai kashe kowa ba.

"Ba ki gane ba. Babu abu mai ɗaci a cikinsa. Ko ɗaya."

Bayan ya tafi na taka kujera na sauko da kwalbar, ni da nake da furfura a goshi ina waige-waige kamar ɓarauniya, na dangwala yatsa na lasa. Zaƙi zaƙwai. Ashe duk runtse idon nan, da buga ƙafar, da kaɗa kan, shekara da shekaru, Baba wasa yake yi wa mace ɗaya don ta yi dariya ta ci abinci. Na zauna a kan kujerar na yi kuka, ina yi ina dariya, kewarsa ta taso mini sabuwa fil.

Washegari da safe ina share zare a ɗakin ɗinki sai ga Yaya da kayan ofis, riƙe da wata kwalba fara mai lamba da dogon bayani a jiki. Ya ce wannan na ƙarin jini ne na gaske, likita ya ce ya dace da shekarunta. Ya ɗauki cokalin Baba daga kabad, ya shiga ɗakin Inna, na bi shi. Tana kwance ta ba mu baya. Ya zauna a bakin gado, ya girgiza kwalbar yadda Baba ke yi. Da jin ƙarar ta juyo.

"Inna, ba zan ba ki abin da ban ɗanɗana ba," ya ce.

Na san niyyarsa, kuma na tausaya masa tun kafin ya fara, don Yaya ko a wasan kwaikwayon makaranta itace ake sa shi ya zama. Ya kai cokalin baki. Sai ga idonsa ya kawo ruwa, fuskarsa ta yamutse gaba ɗaya, ya soma tari yana lalubar ƙofa da hannu ɗaya, maganin na ɗiga a kan farar rigarsa. Wannan karon babu wasa a ciki. Abin nasu mai lamba ɗaci ne da shi kamar an jiƙa tsohuwar ƙusa.

Inna ta dube shi. Kafaɗarta ta fara motsi, sannan dariyar ta ƙwace mata, irin wadda rabona da ji tun Baba na da rai. Ta tashi zaune tana share ido da gefen zane.

"Rago," ta ce. "Naka na gaske ne, amma na ubanka ya fi kyau."

Yaya ya sake tsiyayawa. Ta buɗe baki ta shanye, ta ɗan yamutsa fuska karon farko a sanina, ta ce masa gobe ya zo da wuri, kuma ya koyi buga ƙafar. Sannan ta dube ni ta tambaya ko shayin nan sai ta tashi da kanta.