Hodar Saiwa

Musbahu yana tsoma sanda ta talatin da bakwai a cikin farar hodar ke nan Inna Gwamma ta turo ƙyaure. Daga suna take a Kutama. Ta dubi gindin katanga inda shuwakarta take, ta ga kututture.

"Musbahu, ɓarayi ne ko awaki?"

"Ci gaba ne, Inna."

Ɗan ƙaninta ne. Kwana uku ya yi a Kano wajen bitar aikin gona, ya dawo da satifiket, da safar hannu, da wani ɗan gwangwani na hodar da ke sa reshe ya yi saiwa. Tun daga ranar ya daina cewa shuka, sai "filantin".

Shuwakar kuwa ita kaɗai ce a unguwar. Tun da maganin asibiti ya fi ƙarfin mutane, duk mai jegon da nono ya ƙi zuwa a nan garin Garo, ganyenta ake aiko a karɓar mata. Ikilima ma, 'yar autar Gwamma, watanta ya tsaya.

"Guda ɗaya gare ki, ni kuma arba'in zan ba ki," in ji Musbahu. "Wannan hodar sunanta homon. Ko muciya kika tsoma sai ta yi tunani."

Malam Jalo maƙwabci ya leƙo ta katanga. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, kowa ya saki gemu, na Musbahu ya tsaya a gashi bakwai.

"Injiniya, ka gwada ta a haɓa mana!"

Musbahu ya ci gaba da tsoma sandunansa. A Kano an ce musu za su gamu da jahilci.

Gwamma ta tsuguna gaban ledojin ƙasa da ya jera ya soka sandunan a ciki. Ya zage ganyen tas, ya yanka sandunan daidai wa daida da rula, har ba a gane kai da gindi. Ta shafa idon reshe ɗaya da babban yatsa. Ƙasa yake kallo. Na biyu ma haka. Duka haka.

"Ɗan nan, a Kano da ka bishiya take tsayawa?"

"Inna, don Allah ki bar wa masu abu abinsu. An wuce zamanin a soka a yi addu'a."

Ta san shi tun yana tsumma. In ta yi gardama, sai ya tsaya a kansu har su bushe don ya nuna mata. Ta ce, "To, Allah ya ƙara basira."

Aka kira azahar. Ya cire safar, ya ninke, ya ce kada kowa ya taɓa.

Yana fita ta zauna dirshan. Ɗaya bayan ɗaya ta zare, ta juya, ta soka, ta danne da yatsa, tana bismilla. Ta yayyafa musu ruwan buta. Uku ta bar masa yadda ya dasa, don shi ma ilimi yana da haƙƙi.

Musbahu ya dawo, ya tsaya cak. Kowace sanda da farar hoda a kanta kamar ta sa hula. Ya duƙa, ya duba, ya miƙe a hankali.

"Inna, kin gani? Ko awa ɗaya ba a yi ba, har maganin ya hau sama!"

"Ikon Allah," in ji Gwamma. "Waɗancan ukun fa?"

Ya dube su da takaici.

"Ba su karɓa ba. Ko a Kano ana samun haka."