Jan Layi Ta Kan Gidan Baba Mato

"Huɗu ka ce musu, Baba. Mutum huɗu."

"Na ce huɗu. Gidanka ne?"

Munir ya kau da kai. Gidan ba nasa ba ne, wannan gaskiya ce. Amma ɗakin da yake kwana a ciki mahaifinsa ne ya ɗora bulonsa kafin ya rasu, kuma jan fentin da aka shafa wa bangon waje da safen nan bai tsallake ɗakin ba. Ƙatuwar alama ce, layi biyu a gicciye, da lamba a ƙarƙashi. Ko bushewa ba ta gama yi ba. Masu fentin sun ce babbar magudanar ruwa za ta bi ta nan, kuma kada a damu, ai gidan mutum huɗu ne kawai.

Mutum talatin da ɗaya ke kwana a gidan.

Baba Mato, yayan mahaifinsa, yana zaune a zaure bisa buzunsa, ya miƙe ƙafa, rediyo a gefe. Shekara arba'in ya yi yana dillancin shanu, har yau kuma kallon kowa yake kamar wanda ya zo sayen saniya ba da niyyar saye ba. Ya ce shi bai yi ƙarya ba. Mata dai ba a lissafa su ga namijin da ba a san ubansa ba. Yara kuwa ba a ƙirga su, sai wanda yake so baki ya kama masa zuri'a. Su Oumarou masu albasa baƙi ne daga Nijar, baƙo kuma ba ɗan gida ba ne, ko da kuwa shekararsu goma sha ɗaya a ɗakin ƙofa har sun aurar da 'ya. Ɗansa na fari kuwa, don kunyar ɗan fari, ba zai kama sunansa ba, bare ya sa shi a takarda. Saura wa? Shi, da ƙananan 'ya'yansa maza biyu.

"Har da kai na sa," in ji shi. "Ka cika na huɗu. Ga sakayyar da na samu."

Munir ya dubi tsohon. Ya ga da gaske yake, jira yake a gode masa.

Daga nan Baba Mato ya ɗauko labarin da kowa a gidan ya haddace. Yana saurayi aka tashi tsohon Zongo na tsakiyar gari. Su ma, in ji shi, da biro da takarda aka fara zuwar musu, ana murmushi ana tambayar mutum nawa ne a ɗaki. Tun ranar ya gane cewa abin da za a sayar ko a kwashe shi ake ƙirgawa. Munir ya bar shi yana magana ya fita. Ya tada babur ɗinsa na zemijan, wato acaɓa, bai ko waiwayi matar da ke ɗaga masa hannu a bakin titi ba.

Abin ya faro ne wata takwas baya. Wani ɗan jirgi marar matuƙi ya yi kwana uku yana ƙugi a saman unguwa, mata suna janye wanki suna tsinuwa. Bayansa samari da 'yan mata masu riguna ruwan lemo suka shigo lungu lungu da allunan waya a hannu, suna tambaya suna dannawa. An ce don maganin ambaliya ne. Kowace damina ruwa yakan kwanta a Zongo har gwiwa, ya yi mako bai tafi ba, ya bar warin da ko turare ba ya kashewa. Kowa yana so ruwan ya tafi. Ba wanda ya tambayi ta inda zai bi.

Ofishin masu rigunan, na zana taswira, yana unguwar Nyékonakpoè, hawa na biyu, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa. Munir ya yi awa biyu a kan benci kafin a turo masa wanda zai saurare shi. Da ya ga ko wane ne, sai da ya kusa yin dariya. Abdel ne. Tare suka yi sakandare, benci ɗaya. Haihuwar Zongo ne, bayan masallacin 'yan goro, amma tun da suka koma unguwar Totsi Hausarsa ta fara ɗingishi, sai ya jingina ta da Faransanci. Yanzu ga shi da kati rataye a wuya da takalmin da bai taɓa taka laka ba.

Ya kai Munir gaban wani faffaɗan allo. Ga Zongo nan kwance, an kalle ta daga sama kamar tiren kifi. Abdel yana dannawa, launuka suna hawa kan juna: toka-toka rufin kwano, shuɗi inda ruwa ke taruwa, kore gangaren ƙasa. Ya yi bayani da muryar mai koyar da yara. An ba na'ura hoton kowane rufi, da tsayin kowane lungu, da yawan mutanen kowane gida, aka ce ta nemo hanyar da ruwa zai gangara wadda za ta tashi mutane mafi ƙaranci. Ita kuma ta nemo. Babu son kai, babu sanayya, babu wanda ya kai wa wani rago. Ya danna sau ɗaya, wani jan layi ya ɓullo, ya taho yana lanƙwasa, ya ratsa gidansu Munir ta zaure ya fita ta madafa.

Gidan da mutane suka yi yawa ana shafa masa launi mai duhu, wanda ba kowa kuma fari-fari. Munir ya ƙura ido. Lungunsu gaba ɗaya fari yake fat. Gidan Alhaji mai tireloli, inda ake ɗora tukunya uku kullum, mutum shida. Gidan mahauta, biyar. A allon nan Zongo ta zama unguwar da annoba ta share. Ashe kowa ya yi wayo. Baba Mato dai ya fi kowa wayo, shi ya sa layin ya zaɓe shi.

"Ka ci tuwo a gidan nan, Abdel. Sau nawa? Ka san mu huɗu ne?"

"*Mon frère*, ɗan'uwana, ba ni na shigar ba."

"Amma ka gani."

"Abin da aka shigar shi nake gani. In kun ce ku huɗu ne, a nan ku huɗu ne." Ya gyara katin wuyansa. "Matsalarku ke nan a Zongo. A zo a taimake ku, ku ɓoye kamar ɓeraye, in abu ya faɗo kuma ku ce an zalunce ku."

Ku, in ji shi. Munir ya lura da kalmar, ya haɗiye. Ya tambayi abin yi.

Akwai sauran kwana biyar na karɓar ƙorafi. Sai a sake ƙirga gidan, kowa a tsaye a tsakar gida, a ɗauki hoto, maigida ya sa hannu. In babu sa hannun maigida, babu gyara. Abdel ya ce shi da kansa zai zo, saboda zumunci, ya faɗe shi kamar wanda ya ba da kyautar doki.

Kwana biyu Baba Mato yana cewa a'a. Ya ce gara a rushe gidan a kansa da a jera masa iyali kamar awaki a kara. Munir bai roƙe shi ba, bai iya roƙo ba. A rana ta uku sai ya fito da katifarsa da akwatin mahaifiyarsa ya ajiye a zaure, dab da buzun tsohon, ya ce tun da za a kwashe gara a fara da wuri. Duk mai shigowa gaisuwa sai ya tsallake katifar ya tambayi lafiya. Kafin la'asar Baba Mato ya aiko a ce wa yaron taswira ya zo.

Ranar ƙirgar bai fito tsakar gida ba. Ya juya wa ƙofa baya, ya fuskanci bango, carbi a hannu. Abdel yana nuna mutum da yatsa yana kiran lamba da Faransanci, daga zaure kuma muryar tsohon tana bin kowace lamba da masha Allah, da ƙarfi, kamar mai kashe wuta. Matan gida sun ja mayafi har hanci, hoton ya fito kamar an jera buhuna. Da aka zo kan Abubakar Siddiƙ, ɗan farin, mutum mai furfura a gemu da 'ya'ya biyar, aka nemi maigida ya tabbatar da sunansa. Baba Mato ya ce wa bango, "Wancan ɗin dai nawa ne." Aka rubuta. Talatin da ɗaya. Ya dangwala yatsa a allon ba tare da ya kalla ba, ya tashi ya wanke hannun har sau uku.

Abin da Munir bai lissafa ba shi ne lungun yana da ido. Kafin Abdel ya kai bakin titi an riga an tare shi. Labari ya zaga cewa yanzu yawa ne ke ceton gida. Mutanen da wata takwas baya suka rantse su biyar ne, suka wayi gari su arba'in. Aka shiga aron yara. Munir ya ga 'yar ƙanwarsa ta shiga hoton gida uku a yini ɗaya, ana sauya mata ɗankwali. Gidan mahauta suka ɗauko masu wankin mota daga tasha suka tsayar a layin baya. Alhaji mai tireloli, wanda ya taɓa korar masu ƙirga da bulala, shi ne ya shimfiɗa musu darduma ya aika a sayo lemo mai sanyi. Abdel yana dannawa yana taɓe baki. Ya san ƙarya ce, kamar yadda ya san ta farko ƙarya ce. Abin da aka shigar shi yake gani.

Gida ɗaya ne bai nemi gyara ba. Assana mai koko, gida biyu hagu da nasu, bazawara ce 'yar ƙabilar Kotokoli da ta zauna cikin Hausawa har harshensu ya zama nata. Ita da 'ya'yanta mata biyu da jikoki biyu. Da aka zo ƙirgar farko ta ce su biyar ne, ta faɗi sunan kowa da shekarunsa, har ta ɗebo wa masu rigunan koko a kofi. Da aka ce mata ana gyara, ta ce ita me za ta gyara, ai ba ta yi kuskure ba. Ta ci gaba da tace gasararta.

Munir ya ji lokacin da ta faɗa. Yana zaune a kan babur, ya san yadda na'urar take tunani, ya fi kowa a lungun sani. Yara suna nan birjik, aron goma ba zai ɗauki minti biyar ba. Ya kuma san ruwan dole ya bi ta wani wuri, in ba nata ba, to na wa. Ya sa hular kwanonsa ya tafi neman fasinja.

Bayan mako biyu masu fenti suka dawo, da hantsi, da bokiti biyu. Na farko fari ne. Suka shafe alamar bangon Baba Mato, ja yana ɗan leƙowa ta ƙasa kamar ciwon da aka rufe da hoda. Tsohon ya fito da babbar riga, ya sa aka fito da benci, dattawan lungu suka zauna ana raba goro. Yana gaya musu cewa addu'a ce ta yi aiki, shi dama bai taɓa tsorata ba. Suna gyaɗa kai. Kowannensu yana da mutum arba'in a takarda.

Masu fentin suka ɗauki bokiti na biyu suka matsa gida biyu hagu. Sai da suka ɗage teburin kokon gefe don su sami bango.

Assana ta fito da ludayi a hannu. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya tana kallon layin farko yana sauka, sannan na biyu ya gicciye shi, fentin yana ɗiga a kan murfin robar sukari. Mai fentin ya miƙa mata takarda, da Faransanci, mai hatimi biyu. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa. Hirar benci ta mutu. Wani ya shiga neman abu a aljihunsa, Baba Mato ya duƙufa ɓare goro.

Ta ratso lungun a hankali, ta wuce dattawan, ta tsaya gaban babur ɗin Munir. Ta goge hannunta a zani kafin ta miƙa masa takardar, don kada ta ɓata ta.

"Munir, ɗana, kai ne ka je ofishinsu, kai ka san abin. Duba mini. Duk abin da suka tambaye ni na gaya musu. Wace amsa ce na ba da ba daidai ba?"