Jar Fitilar Yaya

Yayanmu makanike ne, kuma bai taɓa yarda an fi shi sanin komai ba. Wata rana ya shigo shagona ina gama allon ƙofar fita na wani otal, da fentin nan mai sheƙi a duhu. Autarmu, wadda ke koyar da kimiyya a sakandare, tana zaune kan benci.

Yaya ya ce in ana maganar haske, ja ne sarki, shi ya sa aka sa shi a birki da danja. Auta ta yi fuskar salihai, ta roƙe shi ya nuna mana a kan allon, tunda sai fentin ya sha haske yake sheƙi.

Ya tsallaka gareji ya kinkimo wata ƙatuwar jar fitila. Muka ja ƙofa, muka toshe taga da kwali. Ya haske allon har gumi ya jiƙa masa wuya, sannan ya kashe. Duhu ɗim. Ya ce fentina ne jabu.

Auta ta ciro 'yar tocila daga jikin makullanta, ba ta kai ɗan yatsa ba, haskenta shunayya. Ta ja ta a kan allon, sai ga kore shar yana bin hannunta.

Ta ce haske tafe yake kamar igiyar ruwa. Igiyar ja doguwa ce, jefi-jefi take isowa, kowane bugu ba ƙarfi. Daga ja zuwa rawaya, kore, shuɗi, igiyar na gajarcewa, bugun na yawaita, ƙarfinsa na ƙaruwa. Shi kuwa fentin, sai bugu mai ƙarfi ke tashinsa.

"Ko fitila ɗari ka kawo, Yaya, in dai ja ce, shafa shi kawai take yi."

Tana bayani hannunta bai tsaya ba. Sai da ta matsa muka ga ta zana Yaya da hasken tocilar, da tumbinsa da sanƙonsa, rungume da fitila.

Yaya ya figi tsumma ya hau gogewa. Tumbin ko gezau. Ana haka matarsa ta turo ƙofa tana nemansa, ta tsaya, ta ce a rufe ƙofar, ba ta ga zanen sosai ba.

Ya tambayi Auta yaushe abin zai dushe. Ta ce wannan fentin mai kyau ne, yakan yi awa shida.

Ya juya allon ya fuskanci bango, ya zauna a kan benci, ya ce ta ara masa tocilar.