Yaron da Ya Tashi a Gindin Inji

A shagon niƙa ba a magana. Babu wanda ya kafa doka, injin ne ba ya ba kowa fili. In maigidan yana son a ƙara hatsi, sai ya ɗaga haɓa. In gari bai yi laushi ba, ya murza yatsu. In za a kashe inji, ya goga gefen hannu a wuya kamar mai yanka. Da wannan yaren ya zauna da matarsa lafiya, har 'yan layin suna kafa misali da su, wai ma'auratan da ba a taɓa jin kansu ba.

Ɗansu a bayan uwar ya tashi, tsakanin inji da buhuna. Kullum fari fat yake da gari har gira, shi ya sa ake ce masa Bature. Ya haura shekara biyu, yana gudu, yana hawa buhu, yana cizo. Magana ce dai babu, ko "mama".

Uwar ba ta damu ba sai ranar da 'yar mai shayi, wadda aka haifa bayan Bature ya fara rarrafe, ta dube ta ta ce, "Ba na so." Daga nan zama ya gagare ta. Ta tafa a bayansa, ta kira shi daga ƙofa, ta saki murfin tukunya a ƙasa. Wani lokaci ya waiwayo, wani lokaci ya yi banza da ita.

"Baban Bature, anya yaron nan yana ji?"

"Me?"

"Na ce anya yana ji!"

"To ni kike wa ihu? Ƙyale shi. Inna ta ce ni ma sai da na yi wayo na buɗe baki."

"Ai har yanzu ba ka gama buɗewa ba."

Washegari ta goya shi sai asibitin unguwa, ko zani ba ta kakkaɓe ba. A kan benci ta kasa zama. Ta tashi, ta leƙa, ta dawo, tana sauraron 'ya'yan mutane suna zuba kamar an biya su.

Nas ɗin, wata mai tabarau da alama a gajiye ta zo duniya, ta haska kunnuwan yaron, ta kaɗa makullai a bayansa. Ya juya, amma sai da ya yi shawara.

"Yana ji," in ji ta. "Ko yana ji sosai, sai na'ura ta faɗa, a babban asibiti. Ina yake wuni?"

"A shago, wajen inji."

Nas ta cire tabarau. "A gida wa ke yi masa hira?"

"Kowa."

"Kowa wa, baiwar Allah?"

Uwar ta tuno yadda suke a gida. Kullum sukan koma kunnuwa na ƙugi. In maigidan ya ɗaga haɓa, ta ƙara masa abinci. Ita ma in tana son yaron ya zo, yatsa take lanƙwasawa. Ta nemi ranar da ta zauna ta yi masa doguwar magana, ta rasa.

Nas ta shiga bayani: yaro sai ya ji kalma har ta ishe shi kafin ya faɗe ta, ƙarar inji tana cinye kunnen babba balle na jariri, a yi masa magana wajen wanka, wajen ci, ko da bai amsa ba. Bature ya kalle ta, ya kalle ta. Sannan ya ɗaga hannu ya goga a wuyansa.

"Me yake nufi?"

"Wuyansa ke ƙaiƙayi," in ji uwar.

Da ta koma, ta tarar da layi a shago, kwanuka har bakin titi. Mijin ya buɗe tafin hannu sama, wato me suka ce? Ta faɗa, bai ji ba. Ta ƙara, bai ji ba. Sai ta ratsa buhuna ta kashe injin da kanta.

"Lafiya? Hatsin mutane fa a ciki!"

"Daga yau yaron nan ba ya shiga nan. Ni ma haka, sai ya yi magana."

"Wa zai tare min gari?"

"Ka yi wa wani alama."

Ta fita da shi bayan layi, inda ƙarar ba ta kai sosai, ta zauna a kan dakali ta ɗora shi a cinya. Nan ta gane ba ta san me ake ce wa yaro ba. Ta duba hagu, ta duba dama.

"Ka ga akuya," ta ce. "Akuya ce. Tana cin kwali. Ba ta da hankali."

Bature bai kalli akuyar ba. Bakinta ya zuba wa ido, ya kai yatsa ya taɓa leɓenta. Can baya injin ya sake tashi. Ta matso da bakinta kusa da kunnensa, ta ci gaba da zagin akuyar.