Hatimi Mai Lamba Bakwai

Shekara goma sha tara Mai Hatimi yana duba nama a mayankar ƙaramar hukuma. Kullum da safe sai ya tsaga huhu, ya latsa hanta, ya shinshina, in ya gamsu ya buga hatiminsa na shuɗin tawada a cinyar dabbar. Lamba bakwai ce a jiki. Mahauta suna zaginsa a bayan ido, matan gari kuwa in ba su ga bakwai ɗin nan ba sai su wuce tebur na gaba.

Wata Litinin ya hana shanu uku fita, huhunsu da hantarsu duk ƙuraje, ya ce a binne. Ashe na surukin Shugaban Sashe ne. Kafin azahar an fitar da naman ta ƙofar baya, a motar ofis ma don tsabar raini.

A barandar sakatariya akwai wata takarda ta kwamitin karɓar ƙorafi manne da bango, har da hoton mutum yana murmushi: ka kawo rahoto, za mu ɓoye sunanka, za mu kare ka. Mai Hatimi, bawan Allah, ya ɗauka da gaske ake. Ya rubuta shafi biyu ya kai wa kwamitin da hannunsa.

Kwana huɗu aka yi Shugaban Sashe ya kira shi. Ga wasiƙar nan a kan tebur, an ɗora mata kofin shayi.

"Ashe ka iya rubutu haka?" in ji Shugaban. "To mun samo maka inda za ka yi ta yi. Daga gobe kai ne mai ƙirga fitilun titi. Ajiye hatimin nan."

"Ranka ya daɗe, lambata ce a jiki."

"Lambar hukuma ce."

Shugaban ya jefa hatimin cikin aljihun tebur ya tura da gwiwa. Mai Hatimi ya fito. Abokan aikin da suka shekara suna cin abinci kwano ɗaya da shi, kowa ya duƙufa a kan fayil, sai ka ce ranar aka fara koya musu karatu.

Sau biyar yana komawa kwamitin. Yau shugabansu ya yi tafiya, gobe ana taro, jibi ba a ga fayil ba. Ya gaya wa magatakarda cewa ana buga lambarsa a naman da bai gani ba. Magatakardan ya ce ya rubuto.

A gida bai faɗa ba, kunya ta hana shi. Mutumin da yaransa ke alfahari da shi zai buɗe baki ya ce yanzu sandunan fitila yake bi yana ɗaga kai? Sai ya riƙa fita da farar rigar aiki da takalmin roba kamar kullum, in ya sha kwana ya cire ya cusa a jaka. Haka ya yi mako uku.

Ran nan ya dawo da la'asar, tun daga ƙofar gida ƙamshin nama ya tare shi. Yara suna zaune a tabarma, kwanuka wayam, Auta tana lasar yatsu.

"Sannu da zuwa, Baban yara," in ji matarsa. "Yau na yi sa'a a kasuwa. Na so in wuce, sai na hango bakwai ɗinka ɓaro-ɓaro, na ce wannan hannun maigidana ya bi ta kansa. Har da hanta na haɗo, ga saura can na ajiye na gobe."

Ya ajiye jakarsa. Ya wuce madafa, ya ɗauki wuƙa ya tsaga hantar da ta rage. Ko latsawa bai yi ba, ƙurajen suna nan farare a jere.

"Yaran duk sun ci?" ya tambaya.

"Sun ci mana," ta ce tana dariya. "Auta ma sau biyu na ƙara mata. Cewa ta yi naman Baba ne."