Waƙar Achim a Saman Sunan Yayana

Ranar da kwamitin unguwarmu ya kira taro game da dutsen tunawa da mahaƙa, ban je don in yi faɗa ba. Na je ne in ji inda za a kafa shi, in koma in dafa wa Mama abinci. Mutum tara ne ƙasa ta rufta wa a ramin kwal ɗinmu shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, yayana Ewald na cikinsu. Sai yanzu da aka rufe ramin gaba ɗaya aka tuna cewa ya kamata a sassaƙa sunayensu.

Ina shiga zauren na tarar da Pan Remigiusz, wato Malam Remigiusz a bakinmu, tsaye a gaba, riƙe da makirfo. Shi ne mai shirin rediyon nan na birnin Katowice da ke fassara waƙoƙin metal, kiɗan nan na jita mai ƙara, duk Lahadi, ya ɗauki baiti ɗaya ya yi ta tauna shi har mawaƙin da kansa ya kasa gane abinsa. Mutum ya haura hamsin, tsakiyar kai fayau, amma sauran gashin ya tattara ya ɗaure a ƙeya kamar jelar ɓera. Ko rijiya bai taɓa leƙawa ba, ga shi yana koya wa tsofaffin mahaƙa abin da ake nufi da duhu.

Ya ce an amince, a saman sunayen tara za a sassaƙa baitoci huɗu daga waƙar "Sauka" ta Achim Wycisk, mawaƙin unguwarmu. Ya karanto su a hankali, ido a rufe:

Sauka, sauka, ɗan tsutsa,
ƙasa ta buɗe baki tana jiranka.
Matarka za ta wanke rigarka,
ruwan ya fita baƙi, ba mai sa ta.

"Ku lura da tsutsar nan," in ji shi. "Ba raini ba ne. Mawaƙi yana cewa dukanmu ƙanana ne a gaban ƙasa. Rigar kuwa, ita ce jikin da aka bari. Da ya kai nan a faifan, sai jita ta yi shiru, ganga kaɗai ke bugawa. Zuciyar matar ce."

Wata tsohuwa a gefena ta fara share hawaye. Ni kuwa ko ɗigo ban zubar ba. Domin ina wurin ranar da aka yi waƙar nan, kuma Ewald yana raye lafiyarsa ƙalau.

Ina 'yar shekara sha bakwai lokacin. Achim da abokansa suna kiɗa a garejin babansa, ni ce nake ɗinka musu tambura a bayan rigunan jins ɗinsu masu yankakken hannu, don a unguwar ba mai allurar da ke huda jins sai tawa. Achim yana son wata yarinya, Renata, ita kuma ta zaɓi Ewald. Kashegarin ɗaurin auren, da tsakar rana, ina zaune a kan tsohuwar taya ina ɗinki, Achim ya shigo yana warin barasa. Ya saɓa jita ya ce, "Wannan ta angon jiya ce." Ya rera baitocin nan huɗu yana kwaikwayon tafiyar Ewald, da ɗan duƙawar nan ta masu aikin rami. Da ya zo kan rigar, ya kama wuyan tasa ya matse kamar mai wanki. Abokansa har da kwanciya ƙasa don dariya.

Na watsar da ɗinkin na je na gaya wa Ewald. Dariya ya yi, ya ce, "Rabu da shi, Gizela. Mutumin da ke wanke gashi da sabulun mamarsa me zai yi min?"

Bayan shekara biyu ƙasa ta rufta. A taron makoki da aka yi a filin ƙwallo, sai ga Achim a kan dandamali, baƙaƙen kaya, ya rage saurin waƙar, yana rerawa hawaye na zuba. Ko kalma ɗaya bai sauya ba. Garin duka ya rushe da kuka, daga nan sunansa ya fita har Warszawa, babban birnin ƙasa. Na gaya wa fadan cocinmu asalin waƙar, ya ce baƙin ciki ne ke sa ni jin abin da babu. Na gaya wa Renata, ta ce in ƙyale ta, ta tattara ta koma Jamus. Mama kuwa likita ya ce kada a ɗaga mata hankali, ga shi kuma waƙar ta shiga ranta. Har yau in ta zo a rediyo sai ta ce, "Ƙaro murya, waƙar Ewald ce." Ni nake murɗa mata, sannan in fita baranda.

Waƙa iska ce, na iya da ita. Amma a sassaƙa zagin a dutse, sunan Ewald a ƙarƙashinsa, har jikokin jikoki su zo su ajiye fure? Wannan kam ba da ni ba.

Na samu Achim a lambunsa na bayan layin dogo, cikin akurkin tattabaru, yana kankare kashi da cokalin magina. Ya yi tumbi, gashin ya yi furfura, amma yana nan har kafaɗa.

"Gizka," ya ce, kamar yadda yake kirana tun muna yara, "ke ce da kanki? Yaya Oma Truda?"

"Bar sunan uwata. Ka je ka ce musu su cire waƙarka daga dutsen."

Bai ko tambaye ni dalili ba. Ya ci gaba da kankara.

"Waƙa in ta fita ba ta mai ita ba ce," in ji shi. "Ta masu ji ce."

"Wannan a bakin Remigiusz ka tsinto. Ni da kai muke magana. Ka tuna garejin ko ka manta?"

"Na sha a ranar."

"A filin ƙwallo fa? Nan ma sha ka yi?"

Ya ajiye cokalin ya goge hannu a wando. Ya ce, "Kin san sau nawa na rera ta ina kuka? Kukan gaske, Gizka. Ni kaina yanzu in ina rerawa Ewald nake gani."

"To ai shi kake gani tun farko."

Wata tattabara ta sauka a kafaɗarsa, ya kore ta. Sannan ya ce, "Me kike so? In shiga gida takwas in ce musu abin da suka yi shekara talatin suna kuka da shi, haushin mace ne? Ke za ki iya?"

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar tasa da ɗan ƙamshin gaskiya, kuma ya san da haka, har fuskarsa ta saki. Mutum ya yi ɓarna, ya bari ta yi jijiya a gidajen mutane, sannan ya tsaya a bayansu yana ce maka taɓa ka gani. Na tofar da yawu a gefen takalminsa na fito, warin akurkin ya bi ni har titi.

Taro na gaba na miƙe na faɗi komai. Garejin, tayar, tafiyar da ya kwaikwaya, wuyan rigar. Ban tsallake komai ba. Achim bai zo ba, wai mura. Da na gama, zauren ya yi tsit, har na fara zaton an ji ni.

Sai Pan Remigiusz ya tashi, idonsa na ƙyalli kamar yaron da aka miƙa wa alewa.

"Pani Gizela, kin san abin da kika ba mu yau? Shekara nawa ina tambayar kaina daga ina zafin waƙar nan ya fito. Ashe daga ƙiyayya. Saurayi ya yi baki cikin fushi, bakin ya kama, ya ƙare rayuwarsa yana rera tubansa a gaban jama'a. Wannan ai ya ninka ma'anar. Yanzu tsutsar ma shi ne, shi mawaƙin."

"Pan Remigiusz, ba tuba ya yi ba. Yawon duniya ya yi da ita."

"Shi ma yawon, gudun kai ne."

Ka ji fa. Duk abin da ka jefa wa mutumin nan sai ya cafe ya yi miya da shi. Da na ce masa Achim ya yi waƙar ne a bayan gida, da ya ce ai nan ne ɗan Adam ke kaɗaita da gaskiyarsa. Har yana tambayata ko zan zo shirin Lahadi.

Wani tsohon mahaƙi da ƙaninsa ke cikin taran ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gizela, mu da ita muka binne namu. Ko wa aka yi wa, yanzu tamu ce." Aka ce mai so a bar waƙar ya ɗaga hannu. Hannuna kaɗai ya ƙi tashi.

Na ce, "To ku sassaƙa. Amma ban da sunan Ewald."

Shugaban kwamitin ya ce in je in huce. Na ce na huce tun shekara talatin. Sun nemi yardar kowane gida, kuma a gidanmu ni ce mai magana, tunda idon Mama ya tafi, ƙafa ma sai da sanda. Ban yarda ba, shi ke nan. Suka aiko mutum biyu gida, na tare su a matattakala don kada Mama ta ji. Mai sassaƙa ya riga ya auna layi tara, don haka ya bar na shida babu komai, ko zan sauko. Na yi niyyar gaya wa Mama. Kullum in na buɗe baki sai ta riga ni da tambayar wace riga za ta sa ranar buɗewa.

Aka sa buɗewar ranar Barbara, waliyyiyar mahaƙa. Da safe 'yan badujala suka zaga unguwa cikin baƙaƙen kayansu da huluna masu gashin tsuntsu, duk da ba sauran rami. Na ce wa Mama sanyi ya yi yawa, ta zauna, zan ba ta labari. Ta ce ko a kan gadon asibiti take sai an tura ta. Na sa mata kwat, na riƙe ta muka tafi.

Bayan coci aka yaye ƙyallen. Baitocin huɗu suna sama da manyan haruffa masu ruwan zinariya, "ɗan tsutsa" na walƙiya. Samari masu dogon gashi sun zo daga garuruwa, sun ɗaga yatsu biyu sama irin na masoya metal. Pan Remigiusz ya yi jawabi, ya nuna layin da ba rubutu ya ce wannan gurbin na duk wanda ƙasa ta ci ba a ambace shi ba ne, kuma shi ne layi mafi ƙarfi a dutsen. Aka tafa masa. Ni ban tafa ba.

Sai aka ce iyalai su matso. Mama ta cire safar hannu, ta ɗora yatsu a kan dutsen mai sanyi, tana bin haruffa. Ta san su duka tun suna yara, tana kiran kowa da sunan gida. Ta wuce na biyar, yatsunta suka zame a kan santsi. Ta koma baya ta sake bi. Ta sauka har ƙasa, ta dawo.

"Gizela, ina Ewald?"

Kafin in haɗa kalma, Achim ya ratso mutane, jita a bayansa, ya durƙusa a kan ƙanƙara ya kama hannunta.

"Oma Truda, ni ne Achim. Ewald yana sama. Baitocin nan duka nasa ne, shi kaɗai na yi wa."

Ya ɗaga hannunta ya kai kan haruffan zinariyar. Mama ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta na motsi. Sannan ta jawo hannunsa ta sumbata, ta ce Allah ya yi masa albarka, shi kaɗai ne bai manta da ɗanta ba. Ya ɗago ya dube ni ta saman kanta, idonsa jiƙe. Ban san ko kunya ce ko nasara ba, kuma ba na jin shi ma ya sani.

Muka kama hanyar gida har muka kai ƙofa. Ina neman makulli ta riƙe hannun kwat ɗina.

"Gobe ki je wurin kwamitin nan," ta ce. "Ki gano min wanda ya cire sunan ɗana. Ba zan zage shi ba. So nake a kawo min shi nan, ya tsaya a gabana ya gaya min abin da Ewald ya yi masa."

Na ce, "To, Mama." Na buɗe ƙofar, na taimaka mata ta hau matattakala.