Ɗigo Uku a Gindin Langa

Jannatu ta kifa langar a bakin bokiti, ganyen robar da ta dasa a cikinta ya rataya ƙasa, sannan ta girgiza gwangwanin fenti. Gindin langar kaɗai ya rage ba fenti. Sauran jikin ya riga ya zama ruwan zinare.

Shekara uku ke nan tana wannan sana'a, tun da ta gaji da jiran aikin gwamnati. Duk Asabar takan shiga layin 'yan gwanjo a kasuwar Gamboru ta tsinto abin da duniya ta gama da shi: butar ƙarfe mai yoyo, fitilar da ba ta da ƙwai, ƙaramin turmi da ya tsage, langa da samira. Ta kawo gida unguwar Moduganari ta wanke, ta goge da sanfefa ciki da bai, ta zuba farin siminti, ta kafa furen roba tun bai bushe ba, ta bi da fenti. Matan ofis na rububinsu. Shuka ce da ba ta neman ruwa, ba ruwanta da zafin Maiduguri, akuyar maƙwabta ma sau ɗaya ta gwada ta haƙura.

"Dakata."

Ya Gumsu ce, dattijuwar da ke haya a ɗakin ƙuryar gidan. Kullum a inuwar dogon yaro take wuni tana ɗinkin hula, ba ta cika magana ba. Abin da mutanen gidan suka sani game da ita bai fi jimla biyu ba: daga wani ƙauye ta gudo, can wajen Dikwa, shekara goma da suka wuce, kuma tana da 'ya mai suna Kellu wadda tun ranar gudun ba a ji ɗuriyarta ba.

Ta ajiye hular, allura na soke a jiki, ta taso ta tsuguna gaban bokitin. A gindin langar akwai ɗigo uku na jan fenti, sun koɗe, da ɗan layi a ƙarƙashinsu. Jannatu ta ga irin waɗannan alamomi ba adadi. Kowace mace na yi wa kwanukanta shaida don su dawo gida bayan biki ko suna. Ita dai ta ɗauke su datti ne da fenti zai rufe.

"Nawa ɗigo biyu ne da layi," in ji Ya Gumsu. "Da zan kai Kellu ɗakinta, na ƙara ɗaya. Da tsinken tsintsiya na ɗiga. Kin ga na ukun ya fi girma? Hannuna ne ya yi rawa."

Jannatu ta sauke gwangwanin. "Ya Gumsu, mata da yawa na yin ɗigo."

"Ina kika samo?"

"Wurin Ba Madu, ɗan gwanjo."

"Ɗauko mayafinki, 'yata."

A Keke Napep suka tafi, langar a cinyar tsohuwar, ganyen roba na shafar haɓarta duk lokacin da aka faɗa rami. Wata fasinja ta tambayi kuɗin langar. Ya Gumsu ta ƙara rungume ta.

Ba Madu na zaune a tsakiyar tarkacensa yana fifita da murfin tukunya. Ya saurari Ya Gumsu tana bayani da Kanuri har ta kai ƙarshe, bai katse ta ba. Ba yau ya fara jin irin wannan ba. Da ya tashi amsawa sai ya juya harshe zuwa Hausa, don Jannatu ma ta ji.

"Kaya hanya biyu suke zuwa mini. Akwai na hannu, mace ta kawo da kanta saboda yunwa ko maganin yaro. Akwai na buhu, wanda 'yan jari-bola ke kwasowa a garuruwan da ba kowa. Duk wuri ɗaya nake zubawa."

"Wannan fa?" in ji Ya Gumsu.

"Ai ba wuya. Kwanon da ya sha damina goma a kango, tsatsa ta ci cikinsa, inda ruwa ke kwanciya. Wanda ake ci a ciki kuwa fes yake, sai dai sawun cokali. In na hannu ne, to mai shi na raye bara ko bana, kuma a garin nan take. Kawo in ga cikin."

Ya miƙa hannu ya karɓa, ya buɗa ganyen da yatsa. Farin siminti ne, ya daskare har baki.

"A fasa," in ji Ya Gumsu.

"Ko an fasa, Ya Gumsu, ba za a ga komai ba," Jannatu ta faɗa, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na goge cikin da sanfefa har sai da ƙarfe ya fito. In ban yi haka ba simintin ba ya kamawa."

Ba Madu ya mayar da langar, ya ci gaba da fifitarsa.

Tsohuwar ta juyo ta dubi Jannatu. Ba faɗa a idonta, da ma faɗan ne da ya fi sauƙi.

"Ke kika wanke. Da kika wanke, yaya kika gani?"

Jannatu ta nemi ranar a kanta. Langa goma sha ɗaya ta saya wancan makon. Ta tuna rediyo na kunne, ta tuna omo ya ƙare ta aro a maƙwabta, har launin zanen da ta ɗaura ta tuna. Wasu langogin da tsatsa, wasu babu. Kalmar "fes" na bakinta, faɗinta ba zai rage ta da komai ba, kuma ta san tsohuwar za ta rayu a kanta shekaru. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba a sana'ar nan.

"Wallahi ban tuna ba."

Ya Gumsu ta gyaɗa kai, kamar an gaya mata farashin gero.

Da suka koma gida Jannatu ta kai langar ƙofar ɗakin ƙurya ta ajiye. Ba a jima ba tsohuwar ta fito da ita ta dire a kan jaridar da Jannatu ke fenti a kai.

"Ba tawa ba ce. Kwano wurin mai shi yake komawa." Ta nuna wayar da ke hannun Jannatu. "A nan kike nuna wa mutane kayanki?"

"Eh, a sitatus."

"Mutum nawa ke gani?"

"Wajen ɗari huɗu."

"To ki nuna wannan. Ba furen ba. Gindin."

Jannatu ta sake kifa ta a bakin bokiti, ta matso da wayar har ɗigo ukun suka cika fuskar, ta ɗauka. Ta rubuta a ƙasa cewa duk wadda ta san wannan shaida ta kira. Ya Gumsu ta jawo kujerarta kusa, ta ɗauki hular, amma ba ta zare allurar ba.

Ba a yi minti biyar ba wayar ta yi ƙara. Tsohuwar ta miƙe wuya.

Wata ma'aikaciyar banki ce, tsohuwar kwastoma. Ta rubuta cewa wannan sabon salo ya yi kyau, ko akwai mai ɗigo shuɗi, don ya shiga da labulenta.

"Me aka ce?"

"Ba ita ba ce, Ya Gumsu."

"To." Ta zare allurar, ta lalubi inda ta tsaya a ɗinkin. "Hoton nan, kwana nawa yake yi a ciki?"

"Kwana ɗaya. Gobe war haka ya goge da kansa."

Tsohuwar ta ja zare, ta cije shi da haƙori.

"Gobe sai ki sake sawa."